ƊAURIN AURE DABAM, IZININ ZAMA DABAM

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya shiga wata babbar majami'a a Jos, ko Kaduna, ko Yola, bai tarar da gidan da yake da ɗa ko 'ya a ƙasar Birtaniya ba. Waɗansu karatu ya kai su, waɗansu aikin jinya, waɗansu kuwa aikin kula da tsofaffi. Da yake yawancinsu samari ne da 'yan mata, ba a jimawa sai labari ya iso gida cewa wane ya sami mata a can, ko wance ta sami miji, kuma wanda aka samu ɗin ɗan ƙasar ne, ko mai izinin zama na dindindin. Nan da nan gida ya ɗauki guɗa, iyaye su kawo baikon godiya ranar Lahadi, kowa yana cewa shi ke nan, yaro ya zama ɗan gari.

Murna kam ta kamata, amma akwai gyara a zancen. A dokar Birtaniya ɗaurin aure shi kaɗai ba ya ba baƙo ikon ƙara ko kwana ɗaya a kan kwanakin da aka rubuta masa a biza. Bayan biki ya watse, sai baƙon ya nemi izinin zama daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda take kula da shige da fice, ya kuma tabbatar mata da takardu cewa auren nan na gaskiya ne. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda abin yake tafiya, domin iyaye, da masu shirin aure, da shugabannin ikkilisiya waɗanda hannunsu yake cikin ɗaurin aure, kowa ya san inda nasa nauyin yake.

WA YA CANCANTA, A INA KUMA ZAI NEMA?

Bizar da muke magana a kai ta wanda ya auri ɗan Birtaniya ce, ko ɗan ƙasar Ailan, ko wanda ya riga ya sami izinin zama na dindindin, ko wanda aka ba mafaka a matsayin ɗan gudun hijira. Dole miji da mata kowannensu ya cika shekara 18, dole kuma a ce sun taɓa saduwa ido da ido. Auren da aka ƙulla ta hoto da waya kaɗai ba ya shiga.

Kada a haɗa wannan da bizar masu rakiyar ɗalibi ko ma'aikaci, domin hanyarsu dabam ce, kuma an ƙuntata ta. Tun ranar 1 ga Janairu, 2024, aka hana yawancin ɗalibai ɗaukar iyali, sai masu karatun bincike mai zurfi, a watan Maris na shekarar kuma aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen sanin inda za a nema. Wanda yake zaune a Birtaniya da biza mai tsawon fiye da wata shida, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, yana iya yin aure ya nemi a juya masa bizarsa ba tare da ya fita ba. Amma wanda ya shiga da bizar ziyara ba a yarda ya ɗaura aure da ita ba, ba a kuma yarda ya juya ta zuwa ta ma'aurata yana can ba. Sai ya komo gida ya nema daga nan. Akwai kuma biza ta musamman ta wanda aka yi wa baiko, mai tsawon wata shida. Mai ita ba ya aiki, kuma dole a ɗaura auren kafin wata shidan nan ya cika, sa'an nan ya nemi izinin zama.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi shi ne lokaci. Wanda ya miƙa takardunsa kafin tsohuwar bizarsa ta ƙare, doka tana ɗaukarsa a matsayin mai izini har ranar da za a yanke masa shawara. Wanda kuwa ya yi sakaci har ta ƙare, ya zama mai zama ba bisa doka ba, ko da zoben aure yana hannunsa. Haka nan wanda ya fita ƙasar alhali ana cikin duba takardunsa, ana ɗauka ya janye neman da ya yi. Saboda haka iyaye su yi haƙuri idan ɗansu ya ce ba zai iya zuwa biki ko jana'iza ba a irin wannan lokaci. Ba raini ba ne.

SHARUƊƊA GUDA HUƊU

Dokokin da ake aiki da su an kafa su ne a watan Yuli na 2012, ana kuma yi musu kwaskwarima daga lokaci zuwa lokaci. Gaba ɗayansu sun rataya a kan abubuwa huɗu.

Na fari, auren ya zama halattacce a ƙasar da aka ɗaura shi, ya kuma zama na gaskiya wanda yake da rai, ma'ana mutanen biyu suna zaman aure, suna kuma da niyyar zama tare har abada. Ma'aikacin da zai duba takardun bai san ango ba, bai san amarya ba, bai kuma ci shinkafar biki ba. Abin da yake gabansa kawai takarda ce. Don haka yakan nemi takardar shaidar aure, da takardar hayar gida mai sunayensu duka biyu, da takardun kuɗin wuta da ruwa, da na banki, da wasiƙun hukuma waɗanda suka nuna adireshi ɗaya. Waɗanda nisa ya raba sukan nuna shaidar ziyara, da saƙonnin da suke aika wa juna. Duk takardar da aka rubuta da Hausa ko wani harshe sai ƙwararren mai fassara ya juya ta zuwa Turanci ya sa hannu.

Na biyu, kuɗi. Daga 2012 abin da ake nema shi ne samun fam 18,600 a shekara. Mutane suka kai ƙara cewa dokar tana raba iyali, amma a 2017 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta ce ƙa'idar ba ta saɓa wa doka ba, ko da yake ta umurci a riƙa duba halin da yara za su shiga. A ranar 11 ga Afrilu, 2024, aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000 ga sababbin masu nema. Yawanci ana son takardun albashi na wata shida, da na banki waɗanda suka nuna albashin yana shiga, da wasiƙa daga wurin aiki. Idan baƙon yana ƙasar kuma yana da izinin aiki, ana haɗa albashinsa da na abokin aurensa. Idan daga Nijeriya yake nema, albashin na can ne ake dubawa. Wanda ba shi da albashi yana iya nuna ajiya, amma bisa lissafin 2024 sai ta kai fam 88,500, ta kuma yi wata shida a hannunsa. Dabarar aron kuɗi a zuba a banki yau a kwashe gobe ba ta ci.

Na uku, masauki wanda zai ishe su ba tare da cunkoso ba, ba tare kuma da dogara ga taimakon gwamnati ba.

Na huɗu, Turanci. A nan 'yan Nijeriya da yawa sukan yi mamaki, domin ko da yake Turanci ne harshen gwamnatinmu, Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka ɗauke wa jarrabawa. Sai mutum ya ci jarrabawar magana da saurare a cibiyar da aka amince da ita, ko ya nuna digirin da aka koyar da Turanci wanda aka tantance. Mai nema daga gida kuma sai ya ƙara da gwajin tarin fuka a asibitin da hukumar Birtaniya ta yarda da shi.

TAFIYAR SHEKARA BIYAR

Idan an dace, ba izinin dindindin ake bayarwa nan take ba. Wanda ya nema a cikin ƙasar ana ba shi wata 30, wanda ya nema daga waje kuwa wata 33. Kafin su ƙare sai ya sāke nema, a sāke duba aure, da albashi, da gida, da Turancin da ya ɗara na farko, a ƙara masa wata 30. Sai ya cika shekara biyar cur sa'an nan zai nemi zaman dindindin, bayan ya ci wata jarrabawar Turancin da kuma jarrabawa a kan tarihi da al'adun ƙasar, mai tambaya 24 wadda sai ya amsa 18 daidai. Waɗanda suka kasa cika wani sharaɗi amma aka bar su saboda yara ko wani babban dalili, tasu tafiyar shekara goma ce.

Kowane mataki da kuɗinsa. Bisa farashin watan Afrilu na 2025, mai nema a cikin ƙasar yana biyan fam 1,321, mai nema daga waje fam 1,938. Ban da wannan akwai kuɗin asibiti, wanda aka mai da shi fam 1,035 a kowace shekara tun Fabrairu na 2024, kuma a dunƙule ake biyansa tun farko. Zaman dindindin shi ma a farashin 2025 fam 3,029 ne. In aka tara duka, mutum ɗaya yakan kashe fiye da fam 10,000 kafin ya kai ƙarshe, ban da ladan lauya. Kuɗin nema kuwa ba a mayarwa idan an ƙi. Da yake farashi da ƙa'idoji suna canzawa, mai shirin nema ya duba shafin gwamnatin Birtaniya a intanet a ranar da zai nema, kada ya dogara da abin da wani ya biya bara.

A cikin shekarun nan biyar baƙon yana da ikon yin aiki da karatu, amma ba shi da hakkin karɓar tallafin gwamnati. Ya kamata dangi na gida su san da wannan. Sababbin ma'aurata da suke tara kuɗin biza na gaba ba rowa suke yi ba idan aike ya ragu.

TAKARDAR DA TA FITO DAGA MAJAMI'A

Da yawa sukan komo gida su ɗaura aure a gaban iyaye, sa'an nan su tafi da takardar. A nan ne maganar ta shigo ɗakin ikkilisiya. Birtaniya tana karɓar auren da dokar Nijeriya ta karɓa. To, me dokar Nijeriya ta ce?

Dokar Aure, wadda asalinta tun 1914 ne, ta shimfiɗa hanya. Masu niyya su kai sanarwa ofishin rajistar aure, a liƙa ta kwana 21, in ba wanda ya kawo ƙara sai magatakarda ya ba su takardar izini. Da wannan takarda za a ɗaura auren cikin wata uku daga ranar sanarwa, ko dai a ofishin, ko a majami'ar da gwamnati ta ba lasisin ɗaurin aure, ta hannun limamin da aka san da shi, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 6 na yamma, a gaban shaidu aƙalla biyu. Auren da ya bi wannan hanya shi ne auren doka, kuma takardarsa ta gwamnati ce.

Amma mun sani ba kowace majami'a take da lasisi ba, musamman a ƙauyuka da sababbin unguwanni. Wani wuri ana yin shela Lahadi uku, a yi wa'azi, a sa zobe, a ba ma'aurata kyakkyawar takarda mai hoton kurciya wadda aka buga a kasuwa. A gaban Allah da jama'a alkawari ya ɗauru, ba mai musun wannan. A gaban doka kuwa abin da aka yi sa albarka ne, ba auren doka ba. Idan an biya sadaki an cika al'ada, akwai auren gargajiya, wanda shi ma halattacce ne a Nijeriya, sai dai tabbatar da shi ga baƙon ma'aikaci a wata ƙasa ya fi wuya nesa ba kusa ba. Rigakafi ya fi magani. Duk wanda ya san takardarsa za ta ƙetare teku, ya fara da ofishin rajista, ya kuma tambayi fastonsa a fili ko majami'ar tana da lasisi.

Sai batun suna. Mutum ɗaya sunansa na baftisma Bulus, a takardar makaranta Paul, a fasfo kuma an sa sunan kakansa a madadin na mahaifinsa, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Magatakardan ikkilisiya ya karɓi fasfo ya kwafi suna harafi bayan harafi, ya kuma adana littafin rajista inda gara da ruwan sama ba za su kai ba, domin bayan shekara goma ana iya zuwa neman shafi ɗaya a cikinsa.

Wanda ya taɓa aure kuma sai ya nuna yadda na farin ya ƙare, ko da takardar mutuwa, ko da hukuncin kotu. Auren doka Babbar Kotu ce kaɗai take iya raba shi. Wasiƙar dattawa ko mayar da sadaki ba su isa ba. Wanda yake da mata a gida ya je ya ɗaura wani aure a can yana cewa shi gwauro ne, ya yi laifi a dokar ƙasashen biyu, ban da cin amanar da ya yi wa matar ƙuruciyarsa.

AUREN BIZA

Akwai waɗanda idan bizarsu ta kusa ƙarewa sai a raɗa musu cewa ga gajeriyar hanya: a biya wata 'yar ƙasa, a ɗaura auren bogi, bayan takarda ta fito kowa ya kama gabansa. Abin baƙin ciki, wannan ciniki ya taɓa shiga har cikin haikali. A watan Satumba na 2010 wata kotu a Ingila ta ɗaure Rabaran Alex Brown, limamin wata majami'ar Angilika a garin St Leonards da ke kudancin ƙasar, shekara huɗu a kurkuku, saboda ɗaura auren bogi kimanin 360 tsakanin 2005 da 2009. Yawancin angwayen 'yan Afirka ne, amaren kuwa matan gabashin Turai ne da aka biya. A cikin waɗanda aka ɗaure tare da shi har da wani lauya ɗan asalin Nijeriya, wanda shi ma fasto ne.

Irin wannan ta'asa ta jawo wa masu gaskiya wahala. Tun watan Maris na 2015, baƙon da zai yi aure a Ingila, ko da a majami'ar Angilika ne, shelar coci ba ta ishe shi ba. Sai ya kai sanarwa ofishin rajista ya jira kwana 28, ana kuma aika sunansa ga hukumar shige da fice, wadda take da ikon tsawaita jiran zuwa kwana 70 domin bincike. Ana iya kiran miji da mata a yi musu tambayoyi kowa shi kaɗai, ana iya kai ziyara gidansu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutum biyu da ba su taɓa kwana gida ɗaya ba da wuya bakinsu ya zo ɗaya a kan ƙananan al'amuran zaman yau da kullum. Wanda aka kama ya rasa kuɗinsa, ya rasa izininsa, tabon kuma ya bi shi duk lokacin da ya sāke neman biza.

Mu da muke gida jarabar takan zo mana da siffar taimako. Ɗan ikkilisiya ya bugo waya yana roƙo a rubuta masa wasiƙa cewa an ɗaura masa aure a nan shekara uku da suka wuce, ko a ja kwanan watan takarda baya, ko a shaida cewa bai taɓa aure ba alhali matarsa tana cikin Zumuntar Mata. Mai roƙon ɗanmu ne, wataƙila ma shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Duk da haka amsar ita ce a'a. Hatimin ikkilisiya shaida ne, kuma shaidar zur ba ta zama halal don an yi ta saboda tausayi. Ranar da aka gane takarda ɗaya ta ƙarya ce, duk takardun da suka fito daga wannan majami'a sun zama abin zargi, har da na bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Neman shaida a kan aure ba baƙon abu ba ne a gare mu. Sa'ad da Bo'aza zai auri Rut, baƙuwa daga ƙasar Mowab, bai yi abin a ɓoye ba. Ƙofar gari ya tafi, ya tara dattawa goma, aka warware maganar a gabansu, aka kafa shaidu. Da haka baƙuwa ta sami gindin zama a Baitalami.

IDAN ZAMA YA YI TSAMI

Akwai wani gefe na wannan al'amari da ba a cika faɗa ba. Shekara biyar ɗin nan zaman mutum ɗaya a ƙasar yana rataye a wuyan ɗayan. Idan auren ya mutu dole a sanar da hukuma, yawanci kuma akan rage wa baƙon izininsa zuwa kwana 60, ya nemi wata hanya ko ya fita. Wannan iko ne babba a hannun miji ko mata, kuma ba kowa yake iya riƙe shi da tsoron Allah ba. Akwai gidajen da abu kaɗan sai a ce, "Ni na kawo ki, ni zan mai da ke." Akwai inda ake ƙwace fasfo, a riƙe albashi, a hana zumunci, har da duka, mai shan wuyar kuwa ya yi shiru don tsoron kora. Ba mata kaɗai abin yake samu ba, har da maza.

Ya kamata kowa ya sani dokar ba ta bar irin wannan mutum a banza ba. Wanda ya shiga ta wannan biza, aurensa kuma ya mutu saboda cin zarafi a gida, yana iya neman zaman dindindin nan take ba sai ya cika shekara biyar ba, ana kuma iya ba shi izinin wata uku da tallafin gwamnati domin ya sami wurin fakewa kafin ya nema. Rahoton 'yan sanda, da na likita, da na masu ba da mafaka suna taimakawa wajen shaida. Haka kuma wanda abokin aurensa ya rasu yana iya neman zaman dindindin. Saboda haka idan 'yarmu ta bugo waya tana kuka, kada abin da za ta ji daga bakinmu ya tsaya a kan "ki yi haƙuri har takarda ta fito." Haƙuri yana da kyau a zaman aure, amma ba a ce a yi haƙuri da abin da zai kai mutum kabari ba.

KAFIN A SA RANA

Masu shirin irin wannan aure su zauna su yi lissafi tun kafin a kai kayan gaisuwa: yaushe biza za ta ƙare, albashi ya kai ko bai kai ba, ina za a ɗaura auren, wa zai biya kuɗin hukuma. Su fara adana kowace takarda daga ranar farko. Idan al'amarin ya cuɗe, su nemi lauya ko mai ba da shawara wanda yake da rajista, domin tun dokar 1999 laifi ne a Birtaniya mutum ya mai da ba da shawarar shige da fice sana'a ba tare da rajista ba. Duk wanda ya ce yana da mutum a ciki wanda zai fitar da biza ko ta halin ƙaƙa, kuɗinku yake so.

Masu koyar da ajin shirin aure kuma su daure su yi tambayar da take da nauyin faɗa. Su dubi saurayin ko budurwar su ce, "Da a ce gobe an hana bizar nan, an ce ku koma Kafanchan ko Numan ku zauna, za ku yi auren?" Wanda ya amsa da i ba tare da inda-inda ba, sauran aikinsa tara takardu ne da jira, kuma mai gaskiya ba ya tsoron bincike. Wanda kuwa ya sunkuyar da kai, gara a dakatar da maganar tun ba a tara jama'a ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu da suke baƙunci, ya ba su gidaje masu salama, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tsayawa a kan gaskiya. Amin.